Awa Bakwai a Kan Sahara Daga Cikin Ɗaki

Akwai wasu mutane a duniyar nan da sha'awarsu ke ba mai kallo mamaki. Mutum zai dawo daga aiki, ya ci abincin dare, ya kunna kwamfuta, ya zauna awa shida ko bakwai yana tuƙa jirgin saman da aka daina ƙerawa tun kafin a haife shi. Babu harbi a cikin abin, babu tsere, babu makin da za a ba shi. Abin da ke gabansa agogo ne da taswira da fensir, sai alluran ma'auni masu motsi a hankali. Idan lissafinsa ya yi daidai, gab da asuba fitilun filin jirgin da ya nufa za su bayyana a inda ya ce za su bayyana.

Waɗannan su ne masu kwaikwayon tuƙin jirgi a kwamfuta, kuma a cikinsu akwai rukunin da ba ruwansu da jiragen jet na yau. Nasu jiragen su ne manyan jiragen fasinja masu farfela, waɗanda suka mallaki sararin sama daga 1935 zuwa wajen 1960. Yawancin masu wannan sha'awa suna Turai da Amurka da Ostareliya. Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo labarinsu shi ne, kayan da suke aiki da su kayan masanin tarihi ne, kuma duk wanda ya buɗe takardun da suke tarawa zai ga sunan Kano yana ta fitowa.

Shekara ashirin da biyar na farfela

Zamanin ya fara ne da jirgin Douglas DC-3, wanda ya yi tashin farko ranar 17 ga Disamba, 1935. Injinsa biyu, kujerunsa na asali 21, kuma shi ne ya nuna wa kamfanoni cewa ɗaukar fasinja kaɗai na iya kawo riba ba sai an jingina da kuɗin ɗaukar wasiƙu ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka ƙera samfurinsa na soja fiye da dubu goma. Bayan yaƙi aka yi gwanjonsu da arha, ƙananan kamfanoni a ko'ina suka samu abin fara sana'a.

Daga nan manyan yayyensa masu inji huɗu suka biyo baya. Akwai DC-4 da DC-6 da DC-7 na kamfanin Douglas. Akwai Constellation na Lockheed, mai jela uku da jiki kamar na kifi, wanda ya fara tashi a 1943. Akwai Stratocruiser na Boeing mai hawa biyu, wanda guda 56 kacal aka ƙera. Ingila ta fito da Hermes, Kanada kuma ta ɗauki jikin jirgin Douglas ta liƙa masa injin Rolls-Royce Merlin, kamfanin BOAC ya sayi 22 ya raɗa musu suna Argonaut.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin bakanike zai gane injinan nan, domin fistin da silinda da fulogi ne, irin na mota, sai dai girman ya wuce misali. Kowane injin DC-6 silinda 18 gare shi. Na Stratocruiser 28 ne, kowace silinda da fulogi biyu, wato jirgi ɗaya na ɗauke da fulogi 224. Shi ya sa ɗakin matuƙa kan cika da mutane: kyaftin, da mataimakinsa, da injiniya mai lura da injina, da mai rediyo, da jagoran hanya wanda aikinsa sanin inda jirgin yake.

Ranar 26 ga Oktoba, 1958, kamfanin Pan American ya fara jigila tsakanin New York da Faris da jet ƙirar Boeing 707. Cikin 'yan shekaru aka kori manyan jiragen farfela daga manyan hanyoyi, suka koma dakon kaya, da yawa kuma aka yanka su aka narkar. Daga cikin Stratocruiser 56 ɗin nan babu ko ɗaya da ya rage a siffarsa ta asali. Sana'ar jagoran hanya da ta mai rediyo su ma suka bi su. Yau wanda ke son sanin yadda ake tafiyar da irin wannan jirgi, mafi kusan hanyar da ta rage masa ita ce ta kwamfuta.

Daga zugazugi zuwa allon kwamfuta

Kwaikwayon tuƙi ya girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya haɗa wani akwati mai kama da ɗan ƙaramin jirgi. Mahaifinsa na da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, don haka da zugazugin kayan kiɗan ya sa akwatin ya riƙa karkata hagu da dama. Da farko wuraren wasa ne suka fi sayensa. Sai a 1934, bayan matuƙan sojan Amurka da dama sun mutu wajen dakon wasiƙu cikin mummunan yanayi, rundunar ta sayi guda shida. Lokacin yaƙi an ƙera fiye da dubu goma. Akan rufe ɗalibi a ciki ruf, ba ya ganin komai sai alluran da ke gabansa, domin ya koyi yarda da ma'auni fiye da yadda yake yarda da jikinsa. Matuƙan jiragen farfela da yawa a cikin wannan akwati suka koyi tuƙi cikin gajimare.

Shigowar abin cikin gidaje kuwa aikin Bruce Artwick ne, wanda kamfaninsa subLOGIC ya fitar da manhajar tuƙin jirgi don kwamfutar Apple II a wajajen 1980. Microsoft ya karɓi lasisinta ya fitar da Flight Simulator a 1982. A 1995 X-Plane ya fito, a 1997 kuma aka kafa FlightGear, wanda 'yan sa-kai ke ginawa kuma kyauta ne har gobe.

Shekarar da masoya tsofaffin jirage ba sa mantawa ita ce 2003. Domin cikar shekara ɗari da tashin 'yan'uwan nan biyu, su Wright, Microsoft ya fitar da Flight Simulator 2004 da jiragen tarihi a ciki, har da DC-3. Manhajar ta ba kowa damar ƙera nasa jirgin ya ƙara. Nan fa tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da suka yi ritaya, da malaman makaranta, da masu zane, suka duƙufa. Wani ya zana jikin jirgi, wani ya lissafa yadda zai sha mai, wani ya naɗi ƙarar inji, wani ya yi masa fentin kamfanin da ya mutu tun tuni. Suka riƙa sakin aikin kyauta a rumbunan intanet irin su AVSIM da Flightsim.com. Wasu ma suka sake gina filayen jirage yadda suke a wajajen 1960, suka cika sararin da jiragen zamanin suna tashi da sauka bisa tsohon jadawali.

A farkon 2009 Microsoft ya rufe sashen da ke yin manhajar, aka ɗauka zance ya ƙare. Bai ƙare ba, masu sha'awa suka ci gaba da riƙe abinsu shekara goma sha ɗaya, har sabon Flight Simulator ya fito a Agustan 2020 da taswirar duniya da aka gina daga hotunan tauraron ɗan'adam. A 2021 kamfanin PMDG ya kawo masa DC-6, a Nuwamban 2022 kuma aka ƙara DC-3 kyauta. Kafin nan kamfanin A2A Simulations ya riga ya yi suna da Stratocruiser da Constellation, waɗanda injinsu ke tsufa, ya yi tari, ya lalace idan an wulaƙanta shi.

Ga wanda ke fama da tsadar data da ƙarancin wuta, ga abin da ya kamata ya sani. Sabuwar manhajar tana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu. Tsofaffin kuwa, wato ta 2004 da Flight Simulator X na 2006, suna tashi a kan kwamfutar cinya ta da can, ba sa neman intanet bayan an saka su, kuma mafi yawan jiragen farfela na kyauta dominsu aka yi. FlightGear ma yana da DC-3 da Constellation.

Littafin jirgi

Samun jirgin shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Sabon shiga kan tura totur har ƙarshe ya bar shi a nan, kamar yadda ya saba a wasannin waya, bayan 'yan mintuna sai ya ga hayaƙi. Daga ranar yake gane cewa abu na farko da yake buƙata shi ne littafin da kamfanin ƙera jirgin ko rundunar soja ta rubuta wa matuƙa. An ɗauki hoton irin waɗannan littattafai da yawa shafi-shafi an adana, kuma masu ƙera jiragen kwamfuta na ƙwarai kan haɗa su da jirgin.

A ciki ne mutum zai tarar cewa cikakken ƙarfin inji na 'yan mintunan tashi ne kawai, daga nan a rage. Zai tarar da jadawalin da ke faɗin yawan iskar da za a tura wa inji, da saurin juyawar farfela, da yawan man da za a gauraya, gwargwadon nauyin jirgi da nisansa daga ƙasa. Akwai ƙananan ƙofofi a bayan kowane inji da ake buɗewa iska ta sanyaya shi. Idan an buɗe da yawa jirgi ya rage gudu, idan an rufe da wuri silinda ta yi zafi fiye da kima. Kafireta na iya yin ƙanƙara ko da rana na haskawa, sai an tura mata iska mai ɗumi. Ko tayar da injin ma da ladabinsa. Sai an bar farfela ta yi 'yan juyi babu wuta ana ƙirga fukafukanta, domin baƙin mai kan taru a silindun ƙasa, kuma idan fistin ya daki man da ya taru, ƙarfe ne zai lanƙwashe.

Saukowa ma ba a yi mata garaje. DC-3 da DC-4 ba a matsa iska a ɗakin fasinjansu, saboda haka ba sa yin nisa sama sosai da ƙafa dubu goma, kuma a hankali ake sauko da su don kada kunnuwan mutane su yi ciwo. Wanda ya karanta waɗannan shafuka zai gane dalilin da ya sa aka ba injiniya kujerarsa daban. Wanda kuma ke son jin yadda mutanen suka rayu da wannan aiki, littafin da masu sha'awar suka fi miƙa wa juna shi ne Fate Is the Hunter na Ernest K. Gann, wanda ya fito a 1961. Marubucin da kansa ya tuƙa DC-2 da DC-3 a kamfanin American Airlines.

Jadawali, da sunan Kano a ciki

Abu na biyu shi ne jadawalin tashi da sauka. Kowane kamfani kan buga ɗan littafi a kowane zango na shekara, mai nuna lambar jirgi da ranar tashi da kowane gari da za a yada zango da mintunan da za a yi a ƙasa. Takarda ce da ake yarwa idan wa'adinta ya wuce, amma masu tarawa sun adana dubbai, kuma rumbun Airline Timetable Images ya sa hotunansu inda kowa zai gani. Takardun kamfanin Pan American, wanda ya durƙushe a 1991, suna Jami'ar Miami, an kuma ɗora wani kaso a intanet. Mai sha'awa kan zaɓi shafi guda, ya saita kwanan wata da agogon manhajarsa, ya yi ƙoƙarin cika alkawarin da kamfanin ya ɗaukar wa fasinjojinsa shekara saba'in da suka wuce.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Jirgin farfela ba ya iya tashi daga Turai ya dire kudancin Afirka da tanki ɗaya, dole ya tsaya shan mai kafin hamada da bayanta. Kano na zaune a gaɓar kudu ta Sahara, a daidai inda ayarin fatake daga Tarabulus da Gadamas ke sauke kaya tun ƙarnoni. Abin da ya sa raƙumi ya tsaya a nan shi ya sa jirgi ya tsaya.

Jiragen farko sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma a filin wasan dawaki suka sauka. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano ta El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri, daga baya aka miƙa ta zuwa Legas. Lokacin yaƙi, daga 1940, akan kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su bi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Fiye da jirage dubu biyar suka bi wannan hanya.

Bayan yaƙi sai jadawalai suka cika da sunan birnin. A Agustan 1950 BOAC ya fara amfani da Hermes, kuma hanyar da ya fara ba shi ita ce Landan zuwa Akra ta Tarabulus da Kano da Legas. KLM na Holan kan tsaya Kano a hanyarsa ta Johannesburg, Sabena na Beljiyam kuma a hanyarsa ta Leopoldville, wato Kinshasa. Kamfanin West African Airways Corporation, mallakar Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ya fara aiki a 1947 da ƙananan jirage ƙirar Dove, a 1957 kuma ya fara zuwa Landan da Stratocruiser da ya yi haya daga BOAC. A 1958 aka raba shi, kason Nijeriya ya zama Nigeria Airways. A cikin shekarun nan ne kuma alhazanmu suka fara tashi daga Kano, tafiyar da kakanninsu kan yi watanni ko shekaru suna yi a ƙasa ta Chadi da Sudan.

Taswira, rediyo da taurari

Abu na uku shi ne kayan neman hanya, kuma a nan ake bambance ɗan wasa da mai sha'awa na gaske. Kowace manhaja tana da taswirar da ke nuna inda jirgi yake a kowane daƙiƙa. Masu bin tsohon zamani kashe ta suke yi.

A Amurka ta shekarun 1930 zuwa 1950, da kunne ake bin hanya. Tashar rediyo kan aika harafin A a gefe ɗaya da harafin N a ɗaya gefen cikin harshen ɗigo da ja na Mos. Idan jirgi na kan hanya daidai, sautukan biyu sai su haɗe su zama ƙara ɗaya miƙaƙƙiya. Matuƙi kan yi awanni da wannan ƙara a kunnensa. An kashe tashoshin ƙarshe a shekarun 1970, amma masu sha'awa sun sake gina tsarin a cikin kwamfuta daga tsofaffin taswirori. A wasu wuraren kuma hasumiya ce mai aika sigina ta ko'ina, allura a gaban matuƙi tana nuna inda take. Matsalarta ita ce da dare takan yi ta rawa, idan kuma akwai hadari sai ta juya ta nuna walƙiya.

A tsakiyar Sahara kuwa babu tashar da za a kama. Daga Tarabulus zuwa Kano ya haura kilomita 2,300, tafiyar awa shida zuwa bakwai a jiragen lokacin, yawanci cikin dare. Jagoran hanya kan ɗauki saurin jirgi da alkiblar kamfas da ƙarfin iskar da aka yi hasashe da lokacin da aka ci, ya zana inda ya kamata a ce suna. Ƙa'idar da ke kansa mai sauƙi ce, mai ban tsoro kuma: kuskuren digiri ɗaya kan kawar da jirgi kilomita ɗaya a kowace kilomita sittin. A wannan hanya, digiri ɗaya ya kai kusan kilomita 40. Don ya gyara lissafinsa sai ya miƙe ya sa kai cikin wani ƙoƙon gilashi a rufin jirgi, ya auna tsayin taurari biyu ko uku da na'urar sekstan, ya duba littafin taurari na shekarar, ya ja layuka a taswira. Inda layukan suka haɗu nan jirgin yake. Jagoran ayarin da ya ratsa wannan hamada a kan raƙumi da taurarin nan ya yi aiki.

Masu sha'awa sun rubuta sekstan na kwamfuta, suna kuma amfani da faifan lissafi na E6B, wanda Philip Dalton ya ƙirƙiro a shekarun 1930, ɗaliban tuƙi na koyonsa har yau. Manhajar Little Navmap, wadda kyauta ce, na taimakawa wajen tsara hanya kafin tashi. Akwai kuma wani tarko da tsohuwar taswira ke ɗanawa. Arewar da kamfas ke nunawa ba daidai take da arewar taswira ba, kuma ratar da ke tsakaninsu na sauyawa da shekaru. Lambar da aka buga a 1950 ba ita manhajar yau ke aiki da ita ba.

Rahotannin da aka rubuta bayan kuka

Abu na huɗu shi ne rahotannin binciken haɗari. Su ne suka fi nauyi, domin su ke tuna wa mai zaune a ɗaki cewa abin da yake kwaikwaya ya ci rayuka. Biyu daga cikinsu sun shafi hanyar Kano kai tsaye.

A daren 25 ga Mayu, 1952, Hermes na BOAC mai suna Horus ya bar Tarabulus zuwa Kano da mutum 18. Jagoran hanyar ya zo saita ratar nan ta kamfas, sai ya karanta ma'aunin ba daidai ba, ya sa digiri 60 a maimakon 6. Jirgin ya yi ta karkata yamma, awa bayan awa, injina na aiki lafiya, fasinjoji na barci. Kafin a gane girman kuskuren mai ya yi ƙasa. Da safiyar 26 ga wata suka kwantar da jirgin a kan rairayi kusa da Atar a Muritaniya, kimanin mil 1,300 daga inda ya kamata su kasance. Kowa ya fita da rai, amma mataimakin matuƙin ya rasu a hamadar bayan 'yan kwanaki, kafin a kammala kwashe su.

Ranar 24 ga Yuni, 1956, Argonaut na BOAC ya tashi daga Kano zuwa Tarabulus da mutum 45, hadari na haɗuwa a kusa. Jim kaɗan da barin ƙasa ya shiga ruwa mai ƙarfi, iskar da ke gabansa ta juye ta koma bayansa farat ɗaya, gudunsa ya zube, ya yi ta saukowa duk da an ba injina cikakken ƙarfi, har ya daki bishiya. Mutum 32 suka rasu. Masu binciken sun ɗora alhakin a kan juyawar iska ta ba-zata daga cikin hadarin. Sai a shekarun 1970 masanin yanayi Ted Fujita ya bayyana yadda iska ke rikitowa daga gindin hadari ta daki ƙasa ta watsu ko'ina, aka fara koya wa matuƙa gudunta. Duk wanda ya ga yadda guguwar farkon damina ke kwashe rufin kwano a garuruwanmu ya san irin iskar da ake magana.

Mai sha'awar da ya karanta waɗannan rahotanni ba zai ƙara tashi daga Kano da wasa ba. Zai duba ma'aunin zafi, domin filin na sama da teku da kusan ƙafa 1,560, kuma a zafin Afrilu iska kan yi sirara har jirgi mai cikakken lodi ya buƙaci doguwar gudu kafin ya ɗaga. Idan ya saita watan Janairu kuma, hazon hunturu ne zai ɓoye masa titin sauka har sai ya zo dab da shi.

Abin da ke hannunmu

Dukkan wannan ginin a kan abu mai rauni yake tsaye. A Mayun 2009 masu kutse suka lalata manyan kwamfutocin AVSIM guda biyu, waɗanda kowace ke riƙe da ajiyar 'yar'uwarta, aikin sa-kai na shekara goma sha uku ya shiga haɗari cikin dare ɗaya. An dawo da abu mai yawa daga baya, amma kowa ya ji a jikinsa. Kamfanonin da suka mallaki jiragen ma sun shuɗe. BOAC ya narke cikin British Airways a 1974, Sabena ya rushe a 2001, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Waɗanda suka yi aiki a jiragen farfela suna matasa, yau mai sauran kwana a cikinsu ya haura tamanin.

Idan mutum ya buɗe manhaja ya zaɓi Kano, filin jirgin Malam Aminu Kano na yau zai gani. Wanda ke son mayar da shi yadda yake a 1955 dole ya nemi hoto da zane da shaidar wanda ya gani da ido: ina hasumiyar take, wane launi ne ginin, ina motar mai ke tsayawa, ina fasinjojin da suka sauka shan iska ke zama kafin a kira su. Wani ɓangare na amsar yana cikin finafinan labarai na British Pathé, wanda ya ɗora kusan 85,000 a YouTube a 2014, kuma kowa na iya bincikawa da wayarsa. Sauran kuwa a wajenmu ya kamata a neme shi, a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, a tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen, a akwatunan ƙarfe na gidajen da kakansu ya yi aikin kwastan ko dakon kaya ko duba yanayi a filin jirgi, da kuma bakin alhazan farko da suka hau jirgi suna jin farfela na girgiza kujera har Jidda.

Mun saba ba da tarihin Kano ta ganuwa da Kurmi da dalar gyaɗa. Shekarun da birnin ya zama mashigar sararin Afirka ba su cika samun shafi a littattafan makarantunmu ba, alhali wasu mutane a Holan da Ingila na maimaita saukar a kwamfutocinsu, suna duba agogo don su cika lokacin da aka buga a jadawali. Ba sai mun mallaki sandar tuƙi ko kwamfuta mai tsada kafin mu sa hannu ba. Wayar da muke karanta wannan da ita na iya ɗaukar hoton tsohon tikiti, tana iya naɗar hirar awa guda da dattijon da ya taɓa tura matakala zuwa ƙofar Argonaut. A rubuta sunan wuri da shekara a jikin kowane hoto, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, a kuma fara da dattijon da ya fi kowa shekaru.